Tun Ran Gini, Ran Zane

Tun da Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya karɓi mulkin Jihar Katsina, ran 29 ga watan Mayu, 2023, gwamnatinsa ta ɗaukar wa jama'a alkawarin gyara ƙaramin asibiti guda a kowace mazaɓa, ya zama yana aiki sosai. Mazaɓun jihar kuwa 361 ne, a cikin ƙananan hukumomi 34. Alkawari ne mai kyau, an kuwa kama aikin, ba mai musun wannan. Sai dai kalmar nan ta gyara tana da faɗi. Wanda ya shafa wa bango farar ƙasa ya ce ya yi gyara, wanda ya tone harsashi ya sake aza shi, shi ma gyara ya yi, alhali kuwa ba ɗaya su ke ba. Sabo da haka ya kamata malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Sarkin Ruma da ƙasar Yarima, watau Batsari da Safana, su san irin gyaran da za su nema, domin al'amarin ƙasashen nan biyu ya sha bamban da na cikin birni.

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Dukansu biyu suna jingine da Dajin Rugu, wanda ya miƙa har cikin Zamfara, kuma sun yi shekara da shekaru cikin fitinar 'yan bindiga. A watan Mayu, 2019, aka ɗauko gawawwakin manoman 'Yar Gamji aka kai su har Katsina don shugabanni su gani da idonsu. A watan Fabrairu, 2020, aka auka wa Tsauwa da Dankar aka kashe mutum 30. A cikin 2022 hukumar jihar mai kula da ƙananan asibitoci ta faɗa da bakinta cewa an rufe 69 daga cikinsu sabo da rashin zaman lafiya, Batsari da Safana kuwa suna cikin wuraren da abin ya shafa. Gini kuwa in ba kowa a ciki ba ya jira. Iska ta ɗage kwano guda, ruwa ya sami hanya, gara ta kama katako, jemagu su gaje rufi, ɓarawo ya zo ya cire taga da ƙyaure. Damina biyu ta isa ta mai da ɗakin magani kango. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari, daga baya aka yi a Safana. To, duk ran da aka zo ta da waɗannan kangaye, shin yadda su ke dā za a mai da su, ko kuwa za a dubi abin da shekarun nan suka koyar?

Akwai ma'auni guda wanda ba ya bukatar ilmin injiniya. A ɗauka mace ce a wani ƙauye kusa da Wagini ko Zakka, naƙuda ta kama ta bayan lisha, ta yi tsanani, ungozomar gida ta ce abin ya fi ƙarfinta. Aka ɗora ta bisa amalanke aka nufi asibitin nan da aka gyara. Za a tarar da wani a ciki? In an tarar, akwai fitila, akwai ruwa? Mijinta zai yarda ta kwanta a ɗakin, ita ma za ta yarda? In ɗaya daga cikin waɗannan ya rasa, to, kuɗin fenti da na allon suna sun tafi a banza.

Farkon magana ita ce wuri. Masu tarihin likitoci sun ruwaito cewa da aka nemi Abubakar Arrazi ya zaɓi inda za a gina asibiti a Bagadaza, sai ya sa aka rataya nama a unguwanni dabam dabam, inda naman ya fi daɗewa bai ruɓe ba nan ya nuna. Mutanen dā ke nan, ba su ɗauki zaɓen wuri da wasa ba. A ƙasar nan kuwa tun zamanin En'e aka saba kai ginin hukuma bayan gari, domin can fili ya ke da yalwa, ba sai an ta da kowa ba. Lokacin zaman lafiya wannan bai cuci kowa ba. Amma a garin da ke bakin daji, ɗakin da ke bayan gari shi a ke fara iskewa, kuma ko an yi kururuwa a cikinsa ba mai ji. Ba malamin asibitin da zai kwana can, ba kuwa mai hankalin da zai zarge shi. Inda tsohon gini ya ke nesa da mutane, ya kuma riga ya lalace ƙwarai, gara a bar shi a nemi fili cikin gari, kusa da masallacin Jumma'a ko gidan dagaci, ko da ƙarami ne. Nan ne attajiri mai fegi a tsakiyar gari zai iya yin abin da hukuma ba ta iya yi da sauƙi.

Bayan wuri sai masaukin ma'aikata. Shi a kan fara yankewa in kuɗin kwangila sun gaza, shi kuwa ya kamata a fara ginawa. Ma'aikacin da ba shi da makwanci a garin da aka tura shi sai ya zauna Katsina ko Dutsin-Ma, ya hau babur da hantsi, ya juya kafin la'asar don kada dare ya riske shi a hanya. Haihuwa kuwa, da saran maciji, da amai da gudawa, ba su san lokacin tashi daga aiki ba. Balle ungozomar asibiti, wadda ko dai matar aure ce ko budurwa 'yar mutane. Wane miji zai bar matarsa, wane uba zai bar 'yarsa, ta kwana bisa benci cikin ɗakin allura? Ɗaki biyu da tsakar gida da madafa da makewayi, cikin katanga guda da asibitin amma da ƙofarsu dabam, sun fi amfanin matan mazaɓa bisa ga babbar ƙofar ƙarfe mai ado. Katanga dai lalle a yi ta, mai ƙarfi. Sai dai kada tsoro ya sa a mai da asibiti bariki. In aka ajiye masu bindiga a cikinsa ya zama abin hari, majinyata kuma su guje shi.

Sa'an nan ga maganar sutura, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Sau da yawa taswira guda a kan zana a ofis, a rarraba wa 'yan kwangila, kowa ya je ya dasa ta inda aka tura shi, ba a duba ina hanya ta ke, ina kasuwa ta ke, ina mutane ke zama. Sai a tarar ƙofar ɗakin haihuwa tana kallon barandar da maza ke zaune suna jiran kati, tagarsa tana buɗewa kan hanyar da 'yan kasuwa ke bi, makewayi kuma guda ne na kowa da kowa. Macen da ta shiga sau ɗaya ta gane ana jin nishinta daga waje ba ta komowa, za ta kuwa gaya wa kishiyarta da maƙwabtanta. Daga nan sai a rubuta cikin rahoto cewa matan ƙauye ba su son asibiti sabo da jahilci. An kuwa zalunce su, domin abin da ya hana su kunya ce, kunya kuwa ba a yi mata allura, ginin ne ya kamata ya bi ta.

Abin mamaki shi ne maginan ƙasar Hausa sun warware wannan mas'ala tun kaka da kakanni. Gidan Bahaushe zaure ne farko, inda baƙo namiji ke tsayawa, sa'an nan ƙofar gida, sa'an nan shigifa, kana cikin gida. Ƙofofin kuwa ba a jera su sambal, da gangan a ke karkatar da su don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki. Kowane magini a Ruma ko Runka ya san wannan ba tare da takarda ba. In aka ɗauki wannan tsari aka kai asibiti ba wani kuɗi zai ci ba: ƙofa ta biyu ta mata, ɗan bango mai tsawon mutum a gaban ɗakin haihuwa, taga ta zama sama da kan mai wucewa, rumfar jira biyu maimakon guda. Ba kuwa baƙon abu ba ne ga masu karatun littattafai. Asibitin da Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 an raba sashen maza da na mata, an ware masu zazzaɓi dabam, masu ciwon ido dabam, aka kuma jawo ruwa yana gudana ta cikinsa.

Har wa yau, Bahaushe ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Majinyaci guda na tafe da mai jinya, wani lokaci biyu ko uku, da tabarma da tukunya da buta. In ba a yi musu wuri ba za su yi wa kansu, su kafa murhu a jikin sabon bango, su shanya tsumma a bakin ƙofa, a koma ana yi musu tsawa. Ƙaramar madafa a lungu, da wurin dafa ruwan mai jego, da dakalin wanki, da wurin alwala, sun kashe wannan rigima tun ba ta taso ba. Matakala kuma kada a yi ta mai tsawo. A yi gangare wanda keken gurgu zai hau, wanda kuma mutum huɗu masu ɗauke da majinyaci za su bi ba su yi tuntuɓe ba.

Maganar zafi tana bukatar a ɗan tsaya a kanta. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin ƙasar Katsina ya kan wuce digiri 40. Ɗakin bulon siminti mai siririn bango, mai rufin kwano ƙasa ƙasa, da azahar tanda ne. Mai zazzaɓi in aka kwantar da shi ciki an ƙara masa cuta, magani ma da ke cikin kabad yana lalacewa. Lokacin nan ne kuma na sanƙarau da ƙyanda, waɗanda, kamar tarin fuka, sun fi yaɗuwa inda aka cunkushe mutane ba iska. Wanda ya taɓa yin ƙailula cikin tsohon soro mai kaurin bango da rufin azara ya san bambanci. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 da ƙasa aka gina ta, ga ta nan tsaye ta haura shekara 100, an mai da ita gidan tarihi.

Ba cewa a ke a koma ga tubali da yaɓe ɗungurungum ba. Ɗakin haihuwa da ɗakin wankin ciwo suna bukatar daɓe da bangon da za a wanke da ruwa da sabulu kullum, ƙasa tsura ba ta jure wannan. Amma akwai hanya tsakanin biyu, an kuwa gwada ta a maƙwabta. Wani mai zanen gini ɗan Burkina Faso, Faransis Kere, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa wanda aka matse da inji, ya ɗaga kwano sama da rufin ɗaki ya bar rata a tsakani, iska na ratsawa tana kwashe zafi. Da irin wannan bulo ya gina asibitin garin Leyo a 2014, a 2022 kuma aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ita ce babba ga masu zanen gini a duniya. A Dandaji ta ƙasar Tawa, cikin Hausawan Nijar, da bulon ƙasa Mariyama Kamara ta gina sabon masallaci a 2018. Ƙasar da suka yi aiki da ita ba ta fi ta Batsari ba. Abin da ke hanawa shi ne a idon mutane da yawa siminti shi ne ci gaba, ƙasa kuwa talauci, ɗan kwangila kuma ya fi samun riba a buhu.

Ko da bulon siminti za a yi, akwai abubuwan da kowane tsoho ya sani. Hadari daga gabas ya ke tasowa, bangon gabas shi ke shan duka, sabo da haka shi ke bukatar leɓen rufi mai tsawo da shafe mai kyau. Ranar yamma ita ke dafa ɗaki, don haka dogayen bangaye da tagogi su fuskanci kudu da arewa, tagogin kuma su kalli juna don iska ta shiga nan ta fita can, a sa musu ragar sauro. Rufi ya yi tsawo. Bedi kuwa, watau darbejiya, in an tarar da shi a fili kada a sare shi don motar yashi ta sami wurin juyawa. Inuwar da ta yi shekara 30 tana girma, rumfar kwano ba ta maye gurbinta.

Game da wuta, shekarar 2021 ta ba da darasi. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse wayar tarho a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Asibitin da ya dogara ga janareta ya zauna cikin duhu, ba kuma halin a kira mota daga wani gari. Allurar rigakafi kuwa galibinta sai an ajiye ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in ta yi zafi ta mutu, a yi wa yaro ita ba ta tsare shi daga kome ba. Wutar hasken rana ita ce ta dace da wuraren nan, firji da fitilar ɗakin haihuwa su ne farko. Sai dai a ɗaure farantanta da kyau a cikin katanga, a kuma sani tun yau cewa batir yana tsufa, wata rana sai an saye wani. Ruwa ma haka. Asibitin da a ke aiken mai jinya ya sayo ruwa wurin ɗan garuwa kafin a karɓi haihuwa bai kai a kira shi asibiti ba. Rijiyar burtsatse da tanki a sama, masai kuma ya yi nesa da rijiya kamar mita 30, ya kasance a gangare ba a tudu ba. A gina kuma wurin ƙone allurai da tsummokin jini, mai murfi, domin yara masu tsince-tsince, har da almajirai, ba su san abin da ke jikin sirinji ba.

To, an gina an gama, wa zai riƙe? Mai gidan ƙasa ya san bayan kaka sai ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe, ya duba indararo kafin ruwan fari. Siminti ya ruɗi mutane, suka zaci shi ba ya son kulawa, sai a bar ƙusa guda ta ja kwano, kwano ya ja rufi, har a koma neman sabuwar kwangila. Akwai kuɗin hukuma da aka tanada don wannan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusu wanda a ke zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta kuma ware kashi 15 cikin 100 na asusun don gine-gine da kayan aiki da abin hawa na ƙananan asibitoci. Kowace mazaɓa kuma an tsara ta sami kwamitin mutanen gari mai sa ido. Ya kamata liman da sarkin kasuwa su san wa ke cikin kwamitin nan, nawa ya shigo, me aka yi da shi. Ɗan kasuwan da ba ya barin kwabo ya ɓace a shagonsa bai kamata ya ji nauyin tambaya ba.

Amma kuɗin hukuma na zuwa ne a lokacin da suka ga dama, yoyo kuwa ba ya jira. Asibitin da Nuruddini ya gina a Dimashƙa a 1154, da na Ƙalawun da aka ambata, sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki, abin da ya riƙe su kuwa wakafi ne, watau dukiyar da aka tsayar ana ciyar da amfaninta a kansu. Attajiran ƙasar nan suna da himmar gina masallatai, Allah ya saka musu, har akwai garin da masallatai suka yi masa yawa alhali famfon asibitinsa ya shekara a mace. Hayar shago biyu a kasuwar Batsari ko ta Runka, in aka tsayar da ita da shaidu da rubutu, za ta iya ɗaukar gyaran famfo da kwano da batir shekara bayan shekara. Malamai sun san hukuncin wakafi cikin littattafan fiƙihu, saura su faɗe shi a wurin karatu da sunan asibitin garinsu. Muhammadu Bello ɗan Shehu, cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa masu magani cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su, ya kuma rarraba su ƙauyuka. Wasiyyar nan Katsina aka aiko wa ita.

Akwai wata magana mai ɗaci wadda ba ta kyautu a tsallake ba. Cikin koke-koken da a kan ji daga Fulanin daji a wuraren sulhu akwai rashin asibiti da makaranta da ruwan sha. Wannan ba hujjar zub da jini ba ce, ba kuma zai zama hujja ba. Amma matar makiyayin da ba ta taɓa ɗaukar makami ba ita ma tana haihuwa, ɗanta ma yana ƙyanda, ƙyandar kuwa ba ta tsayawa a ruga. Asibitin da ke garin bakin daji a tsara shi yadda za ta iya shiga a duba ta ba tare da an wulakanta ta a bakin ƙofa ba.

Abin da a ke roƙon hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu shi ne kada a sauke yashi sai an shimfiɗa taswira a gaban mutanen gari, a zauren dagaci, a karanta musu ita da Hausa. A kira malamin asibitin da ungozomar da za su yi aiki a ciki, a kira maginin gari, a aika a tambayi tsofaffin mata, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Matsar da ƙofa a kan takarda ba ya cin ko sisi, matsar da ita bayan an yi rufi sai an fasa bango. Al'adar kwangila ce kuma a riƙe wani abu daga kuɗin mai aiki har a ga lafiyar aikin. To, a Batsari da Safana kada a saki wannan saura a ranar yanka kyalle. A bari ginin ya sha ruwan Agusta tukuna, a shiga a dubi rufi da bangon gabas, a buɗe famfo, a kunna fitila da dare, sa'an nan a tambayi ungozoma kwana nawa ta yi a masaukinta cikin watan.